Mansir da Faifan 'Yan Tartsatsi

A Ƙofar Wambai, idan ka hango mutum yana ba da labari hannu biyu a sama, baƙin gilashi a ido ko da hadari ya rufe rana, ba sai ka tambaya ba, Mansir ne ɗan Bakari Direba. Sana'arsa cajin waya a wata 'yar rumfa kusa da mai shayi. Amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Ni mai binciken tsoffin faya-fayan kiɗan rok ne. Kaf Arewa maso Gabas babu na biyuna."

Da gaskiyarsa, babu na biyunsa, don babu wanda ya nemi ya zama.

Wani ɗalibi ne daga Yelwa ya jawo wa unguwa wannan masifa. Ya kawo caji, ya nuna wa Mansir yadda Turawa ke yawon tonon faya-fayan garmaho na samarin da suka yi kiɗan jita a zamanin da, suka watse, duniya ta manta da su. Tun daga ranar Mansir ya shiga bin gidajen tsofaffin ma'aikata a unguwar Ɗan Iya, yana kutsawa ɗakunan shirgi yana fitowa da yanar gizo-gizo a ka. Abin da ya tara kuwa, akwai wani faifai da ya rabe biyu, da wani da aka gano darasin koyon Faransanci ne, da wani da ya daɗe yana nuna wa mutane kafin matar gidan ta aiko a karɓo mata murfin bokitinta.

Ana haka Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa.

Bakari mutum ne marar hayaniya. Ya yi tuƙi har idonsa ya gaji, maganarsa kuma ba ta da yawa. Ko kasuwar Wunti za a je, abu ɗaya yake cewa daga zaure: "Ku fito haka, hanya da nisa." Wayar kowa a unguwar ta wuni a hannun Mansir, amma bai taɓa danna ko ɗaya ya ɗauki muryar tsohon ba. Da kwanaki suka ja, sai ya lura kalmomin suna nan a kansa, amma sautin ya fara guduwa, kamar ƙamshin turare a rigar da aka wanke. Bai gaya wa kowa ba. Cika bakinsa ne kawai ya ƙaru.

Rannan yana binciken akwatin ƙarfen marigayin ya ci karo da wani hoto. Samari ne da wanduna masu faɗin ƙafa, suma tuli a ka. A jikin babbar ganga an rubuta 'Yan Tartsatsi. A tsakiya wani siriri da ƙaton baƙin gilashi ya rungume makirfo. A gefe kuma ga Bakari, yana riƙe da jita.

Ko takalmi Mansir bai tsaya sakawa daidai ba, sai teburin mai shayi.

"Ku duba nan! Na daɗe ina gaya muku abin a jinina yake. Babana ne shugaban 'Yan Tartsatsi. Shi ke jita, shi ke waƙa!"

Ɗanlarai mai wanki da guga, abokinsa tun na yarinta, ya karɓi hoton ya kai shi kusa da hanci. "Baba Bakari? Wanda ko hon ɗin mota kunyar dannawa yake ji?"

"Manyan mawaƙa haka suke. A gida shiru, a dandamali wuta."

"To me ya sa ya riƙe jitar kamar an ba shi jaririn maƙwabta?"

"Salo ne. Kai me ka sani ban da gawayi da sitati?" Mansir ya fizge hotonsa, ya hau kan benci. "Ku shaida. Ranar da Dada za ta fita takaba, a ƙofar gidanmu zan sa faifan 'Yan Tartsatsi a lasifika. Duk Bauchi sai ta ji muryar babana!"

Da ya kai wa mahaifiyarsa hoton, Dada Habibatu ta daɗe tana kallonsa daga kan tabarmar takaba. Gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta ce, "Mayar da shi inda ka ɗauko."

Mansir ya fito yana cewa, "Kun gani? Ta kasa magana. Shaida ta biyu ke nan."

Daga nan sai wajen Malam Hammajoda, ladanin unguwa, aminin marigayi. Malam Hammajoda ya fi kowa suna a Ƙofar Wambai, ba don komai ba sai don gyaran muryarsa. Kafin kowane kiran sallah sai ya yi gajeru biyu, sannan doguwa ɗaya mai kama da kukan tsohon ƙyaure. Da ita unguwa ke aiki. Mata su sauke tukunya, masu shago su jawo ƙofa, tsofaffi su laluɓi buta tun kafin a ce komai.

Mansir ya durƙusa ya gaishe shi a gaban masu zaman ƙofar masallaci, ya miƙa hoton. Goron da Malam ke tauna ya tsaya masa a maƙogwaro.

"A'uzu billahi! Waɗannan 'yan iskan fa?"

"Baba Ladan, ka san su?"

"Ina zan san su? Wannan na tsakiyar ma, daga ganin fuskarsa ba ya sallah."

"Faifansu nake nema."

"Kada ka wahalar da kanka, yaro. Babu ko ɗaya a duniya. Wani bawan Allah ya bi gida-gida ya tattara ya farfasa su da taɓarya."

"Ya aka yi ka sani, Baba?"

"An ce, na ce maka! An ce!" Malam ya gyara rawani, ya yi murmushin wanda ya san aikin da ya yi. "Kai dai in ka samo shi, ni da kaina zan ɗauko maka ƙaramar lasifikar sanarwa. Ga mutane sun ji."

Mansir ya bi masu gyaran rediyo, wannan ya tura shi ga wancan, har keke ya sauke shi a wani lungu a Yelwa, gidan wani tsoho mai suna Elias, mai gyaran kayan kiɗan coci. Baba Elias na ganin hoton ya fashe da dariya har da riƙe bango.

"Wannan jita tawa ce! Cikina ya murɗa, na ce Bakari riƙe mini, na zaga baya. Kafin na dawo mai hoto ya gama ya naɗe kayansa. Bakari direbanmu ne, ɗana. Direba mai kirki."

Mansir ya gyaɗa kai a hankali. A ransa ya ce, hassadar mawaƙa ba ta tsufa. A fili ya ce, "To wa ke waƙar?"

"A'a. Ya sa na rantse da Littafi, nawa da nasa, ba zan faɗa ba."

"Tawali'u irin na Baba," in ji Mansir, yana girgiza kai.

Elias ya dube shi. Ya taka kujera ya zura hannu cikin silin, ya zaro faifai a cikin tsohuwar jarida. Ya ce sau ɗaya tak suka je Ikko suka ɗauki waƙa, suna dawowa kowa ya kama gabansa, wannan ne kaɗai ya tsira daga mai taɓarya. "Don Bakari na ba ka, har da garmahon. Amma ka ji. Ka riƙe shi ta gefe. Kada ya ga rana. Kada ya ji zafi."

"Baba, ni za a koya wa faifai? Har Turawa na san yadda suke yi."

Da ya iso gida ya ga faifan ya yi ƙura. Ya ce ba zai gabatar da mahaifinsa ga jama'a da datti ba. Ya samo soso da sabulu ya dirje shi ciki da baya, ya ɗauraye, sannan ya duba inda zai bushe da wuri. A watan bazara kuwa babu inda ya kai kwanon rufi. Ya ɗora shi a kan rufin kicin ya koma rumfa, inda ya shafe tsakar rana yana yi wa masu caji bayanin yadda ake adana kayan tarihi.

Da ya dawo ya sauko da shi, faifan ya lanƙwashe ya yi baki kamar malafa.

Wata gwaggonsa da ta zo taya Dada zama ta leƙo. "Mansir, in ba ka so ka ba ni, in riƙa zuba wa kaji tsaki."

"Gwaggo, haka yake yi. Yana numfashi ne."

Ya cusa shi cikin riga ya ruga wajen Ɗanlarai.

"Goge mini shi."

"In goge me?"

"Abin da ya yamutse ai guga ake yi masa. Ko ba sana'arka ba ce?"

"Sana'ata shadda da yadi. Wannan in ya ƙone me zan ce wa mai shi?"

"Ni ne mai shi. A Ingila ma haka suke yi, sai dai su na lantarki ne. Sa masa sitati kaɗan."

Ɗanlarai ya rantse ba zai taɓa ba. Mansir ya ture shi, ya hura gawayin dutsen guga har ya yi ja, ya shimfiɗa ɗankwali a kan faifan, ya danna da ƙarfinsa duka. Wani wari ya tashi kamar an ƙona taya. Da ya ɗaga, ɗankwalin ya manne, da aka ɓamɓare shi kuma sai ga hoton dutsen guga sak a fuskar faifan, sumul, babu zane ko ɗaya.

Ɗanlarai ya leƙa, ya kira shi da sunan da yake tsokanarsa da shi. "To, Darakta. Wannan gefen ya gogu. A juya?"

Mansir ya ajiye dutsen gugan. Ya juya faifan ya duba ɗaya gefen. Zanen na nan, sai dai ya yi tudu da kwari kamar hanyar ƙauye bayan damina. "Dama wancan gefen na 'yan amshi ne," in ji shi. "Waƙar Baba a nan take."

"Ka gwada mana mu ji."

"Ba a gwada irin wannan. Kowane juyi yana cin ransa."

Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Muddin bai sa ba, muryar tana ciki.

Kafin la'asar labarin guga ya zaga unguwa. Da ya isa kunnen Malam Hammajoda sai ya ce, "Da dutsen gawayi? Alhamdu lillahi! Wato... Allah ya kyauta." Shi da kansa ya aika da lasifikar, ya kuma ce a ajiye masa wuri a gaba.

Ranar fitar takaba gida ya cika. Mata na ciki, Dada ta yi wanka ta sa sabon zane, ƙamshin turaren wuta har waje. Maza na kan tabarmi a ƙofar gida. Bayan azahar aka yi addu'a aka shafa, aka raba waina. Baba Elias ma ya zo, ya zauna can baya yana kallon sama, shi da Malam babu wanda ya nuna ya taɓa ganin wani.

Sai ga Mansir ya fito cikin wandon marigayi mai faɗin ƙafa, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Ya ɗaure lasifika a jikin dalbejiya, ya tayar da janareta, ya ɗora garmaho a kan tebur. Don kada allura ta yi tsalle a kan tudun faifan, ya ɗaure mata ƙwallon goro da zare.

"Jama'a! Shekara da shekaru kuna zaune da zaki kuna kiransa direba. Yau za ku ji wanda kuka binne. Duk mai ciwon zuciya ya matsa baya."

Ya sauke allura.

Lasifika ta yi ƙasss, ta yi ƙarar soya ƙosai. Sannan, a fili, unguwa duka ta ji gyaran murya. Gajeru biyu. Doguwa ɗaya mai kukan tsohon ƙyaure.

Tsofaffin da ke kan tabarma suka miƙe a tare. Wani ya ce, "Ikon Allah, yau la'asar ta yi sauri." Wani ya fara naɗe hannun riga yana neman buta. A tsallaken titi mai shago ya jawo ƙofarsa ya sa kwaɗo. Daga cikin gida aka ji wata tana cewa a sauke tukunya.

Ɗanlarai ne ya fara juyawa ya dubi Malam Hammajoda. Ga shi zaune a sahun gaba, waina cike da baki, leɓe a rufe.

"Malam," in ji wani tsoho da buta a hannu, "kai ne a nan, ko kai ne a can?"

Kafin Malam ya haɗiye, jita ta tsage iska kamar an taka wutsiyar kyanwa, ganguna suka rufto, sai wata murya ta kurma ihu, muryar ƙuruciya sharaf, amma wadda kowa a wurin ya sani tun yana cikin zanin goyo:

"Habibatuuu! Kin zuba mini garwashi a aljihu!"

Mansir ya ɗaga hannu biyu. "Kun ji Baba! Kun ji yadda yake kiran Dada!"

"Wane Baba?" in ji Ɗanlarai. "Wannan muryar ce ke tashe ni da asuba tun ina fitsarin kwance!"

A nan ne allura ta iso babban tudun da rana ta yi, ta hau, ta zamo, ta sake hawa, ta sake zamowa. Lasifika ta kama abu ɗaya ta ƙi saki.

"Habibatu, ki... Habibatu, ki... Habibatu, ki..."

Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta leƙo ta kan katanga tana tafa hannu. "Lallai! Ko lallen fitar takaba bai bushe ba, har an fara layi!"

"Sharri ne!" Malam ya miƙe, rawani ya karkace. "Aikin Yahudawa ne! Ba ni ba ne! Elias, ashe ka ɓoye ɗaya, maci amana!"

"Au, kun san juna ke nan?" in ji mai buta.

"Ni ban faɗi suna ba," in ji Elias daga baya, hawaye na zuba don dariya. "Na rantse ba zan faɗa ba. Kai ka gyara murya."

"Habibatu, ki... Habibatu, ki..."

Mansir ya tsaya tsakiyar fili cikin ɗangalallen wando, yana duban hoton, yana duban Malam. Ya sa babban yatsa ya rufe sumar siririn nan na tsakiya. Sai hanci kawai ya rage a fili. Hancin kuwa ga shi can a ƙarƙashin rawani yana huci.

Sai labulen zaure ya motsa. Dada Habibatu ta tsaya daga ciki, mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Tun rasuwar babu wanda ya ga haƙorinta sai yau.

"Malam Hammajoda, ka yi haƙuri, ba laifin kowa ba ne," in ji ta. "Kai kana kan dandamali kana ta kiran sunana, in an tashi kuma sai ka ce direba ya kai ni gida. To hanyar da nisa."

Wurin ya kece. Har wanda ya fara alwala ya zubar da ruwan. Malam ya ɗaga sandarsa ya yi kan garmaho. Mansir ya yi tsalle zai tare, ƙafar wando ta harɗe shi, ya faɗi rub da ciki a kan tiren waina. Sanda ta sauka a gefen tebur. Ƙwallon goro ya yi sama, allura ta tsallake waƙar gaba ɗaya ta dira can kusa da tsakiya, inda zanen ke ƙarewa.

Ganga ta buga ta ƙarshe. Aka ji samari suna haki suna dariya a wani ɗaki mai nisa. Aka ji an turo ƙofa. Sannan wata murya, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, mai ɗan jan ƙarshen magana:

"Kun gama ihun? Ku fito haka, hadari ya haɗo. Hanya da nisa."

Allura ta shiga juyi a wofi, ƙas, ƙas, ƙas.

Mansir bai tashi daga cikin wainar ba. Ga muryar mahaifinsa nan, yadda take, har da ɗan kaushin nan na goro da ya manta. Kamar tsohon na tsaye a zaure da makullin mota a hannu, yana jiran su gama neman takalmi. Malam Hammajoda ya sauke sanda a hankali, ya ce, "Allah ya jiƙan Bakari." Jama'a suka amsa da amin.

Can Malam ya tuna da kansa. "Duk da haka a ba ni faifan nan in fasa."

"Naka wajen ka kankare da ƙusa in ka ga dama," in ji Dada daga bayan labule. "Na ƙarshen nan nawa ne."

Mansir ya miƙe, waina manne a ƙirji. Ya zura yatsa ƙarƙashin gilashi yana goge ido, ya ce hayaƙin janareta ne. Sannan ya juya ga jama'a, ya ɗaga hannu biyu sama.

"To, me na ce muku? Wa ya rufe faifan? Wa ya yi magana kowa ya yi shiru? Ai a ƙa'idar rok, shugaba ne ke magana a ƙarshe!"

Kowa ya dubi Ɗanlarai, ana jiran ya sare shi. Ɗanlarai ya buɗe baki, ya dubi abokinsa, ya ce, "Haka ne, Darakta."

Da la'asar ta gaskiya ta yi, Malam ya kwance lasifikarsa ya tafi ba sallama. Ya hau kiran sallah kai tsaye, ba gyaran murya ko ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Rabin unguwa ba su ankara ba sai da aka idar.

Mansir kuwa ya kinkimi garmahon ya kai ɗakin Dada. Ba lasifika, ba taro, ba jawabi. Ya cire gilashin ya ajiye, ya riƙe faifan ta gefe kamar yadda aka gaya masa tun farko, ya sauke allura a kan zanen ƙarshe.

"Ku fito haka, hadari ya haɗo. Hanya da nisa."

Dada ta gyara mayafinta, ta ce, "Mun ji, Direba. Yi gaba, muna tafe."